Yadda ake ƙara wa a-kori-kura kayan wuta ba tare da an ƙone ta ba

Ran wata Asabar cikin damina wani Alhaji ya shigo rumfata a Agege da Hilux ɗinsa, duk ta yi butu-butu da jar laka. Gona gare shi can bayan Epe, ita yake kai wa ma'aikata abinci da dusar kaji a ciki. Tun kafin ya kashe injin na ji warin roba.

"Malam, duba min motar nan. Tun daga Ikorodu nake jin ƙauri."

Na ɗaga bonet. An yi masa doguwar fitilar nan ta saman gilashi, sai aka ɗauko jar waya siririya kamar ta rediyo aka nannaɗe ta a kan batir, ko noti ba a kwance ba. Babu fiyus. Na bi wayar da yatsa, ta bi ta gefen ƙofar direba, inda ƙofa ke datse ta kullum in an rufe. A nan robar ta narke ta yi baƙi, zaren ƙarfen a waje, ya riga ya bar tabon ƙuna a jikin fenti.

"Alhaji, wa ya yi maka wannan?"

"Wani yaro ne a bakin titi. Nan da nan ya gama."

"Ranka ya daɗe, Allah ne kawai ya tsare. Saura ƙiris."

Mutane na raina wutar mota saboda ba ta jan mutum. Bolt 12 ce, ka kama kan batir da hannu biyu ba za ka ji komai ba. Amma batirin da ke juya injin dizal yana iya tura amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) ɗaruruwa a lokaci guda, kuma in waya mai wuta ta taɓa jikin mota duk wannan ƙarfin ta cikinta zai bi. Cikin daƙiƙoƙi ta yi ja, robarta ta kama, ta kunna wa na kusa da ita. Abin da ke tsayawa tsakanin motarka da wannan shi ne fiyus, kuma aikin fiyus kare waya ne, ba kare fitila ko firij ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe.

Fara da biro da takarda

Kafin ka je kasuwa, rubuta duk abin da kake son ɗora wa motar, har wanda sai baɗi za ka saya. Kowane kaya akwai wat ɗinsa a jiki ko a kwali. Raba wat da 12, abin da ya fito shi ne amfiyar da zai ja.

Ga na Alhaji yadda muka yi shi. Fitilun hazo biyu, kowace mai ƙwai wat 55, jimla 110, a raba da 12, amfiya 9 da ɗoriya. Doguwar fitilar sama wat 120, amfiya 10. Ƙaramin firij na bayan mota, wajen amfiya 5 in injinsa na aiki. Famfon hura taya, amfiya 20. Wurin cajin waya, 3. Duka ya kama 47.

Lambar da ke kan kwalin fitilun LED kada ka ɗauke ta kamar karatun Fatiha. Na sha auna wadda aka rubuta wa wat 300 na tarar ko rabi ba ta ja. Ga waya wannan ba matsala ba ce, in ka yi lissafi da lambar kwali ka wuce gona ne ta ɓangaren da ba ya cutarwa. Famfon taya da duk wani abu mai moto su ne ke yin akasin haka, lokacin tashi suna jan fiye da abin da aka rubuta, don haka su a bar musu sarari.

Sai ka duba ko altanetar motar, wato na'urar da ke cajin batir in injin na aiki, za ta ɗauka. Ƙarfinta a rubuce yake a jikinta. Ka tuna motar kanta tana cin nata: fitilun gaba, iyakwandishan, fankar lagireto, waifa. Kuma lambar da aka rubuta sai injin na gudu take bayar da ita. A silo ba ta kaiwa ko kusa. Wanda ya taɓa tsayuwar awa biyu a gosulon Apapa ko kan gadar Third Mainland da dare, ana ruwa, komai a kunne, ya san yadda batir ke zubewa alhali injin na aiki.

Kaurin waya da girman fiyus

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Lambar da ake kiran waya da ita, 1.5 ko 2.5 ko 4, faɗin fuskar jan ƙarfen ne in an yanke ta, a murabba'in milimita. Ba a haɗa da robar. Ga ƙa'idar da nake aiki da ita a rumfata, na kuma bar rata a ciki da gangan saboda zafin cikin bonet: mai 1.5 ba na sa mata fiyus sama da 15, mai 2.5 iyakarta 20, mai 4 iyakarta 30, mai 6 iyakarta 40, mai 10 iyakarta 60, mai 16 kuma 80.

Fiyus yana zama ne tsakanin lambobi biyu. Dole ya fi abin da kayan ke ja, in ba haka ba ya riƙa ƙonewa ba dalili. Dole kuma ya gaza abin da wayar ke iya ɗauka, in ba haka ba wayar ce za ta riga shi ƙonewa. Ɗauki amfiyar kayan ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka hau zuwa fiyus na gaba da ake sayarwa. Fitilun hazo na jan 9.2, da ƙari ya zama 11.5, fiyus 15 ke nan, a kan waya mai 2.5. Ƙananan fiyus masu ƙafa biyu launinsu ma na faɗar girmansu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Akwai abu na biyu da masu aikin bakin titi ba sa kulawa da shi, wato wutar da ke zubewa a hanya. Waya ko ta jan ƙarfe ce tana cin wani abu, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon cinta. A gida mai bolt 230, rasa rabin bolt ba komai ba ne. A mota mai 12, rabin bolt shi ne bambancin firij mai sanyi da firij mai kashe kansa yana kunnawa. A-kori-kura kuwa doguwa ce, Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita 5, in waya ta bi kwana-kwana daga batir zuwa baya sai ta ci mita 6, zuwa da dawowa 12.

Lissafin ba wuya. Ninka 0.0175 da tsawon waya zuwa da dawowa, ka ninka da amfiya, ka raba da kaurin wayar. Firij ɗin Alhaji, amfiya 5 a mita 12: da waya mai 1.5 za a rasa bolt 0.7. Da mai 4, 0.26 kawai. Abin da ake nema kada asarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari, wato wajen 0.36. To ka ga mai 1.5 ba za ta yi zafi da amfiya 5 ba, fiyus ba zai ƙone ba, amma firij ba zai yi aiki yadda ya kamata ba, mai mota ya yi ta zagin wanda ya sayar masa. Mai 4 muka sa.

A kasuwa

Kusan duk abin da kake buƙata akwai shi a Ladipo, can Mushin. Na kirki da na banza a rumfa ɗaya suke rataye, idonka ne zai raba.

Babbar cutar ita ce wayar alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe. A ido ba ka bambanta su. Alminiyam wajen kashi 60 cikin ɗari yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, yana karyewa da girgiza, kuma a iskar Legas mai gishiri sai ya zama farin gari cikin 'yan watanni. Ka ce mai shago ya yanko maka ɗan guntu. Kankare zaren da wuƙa: in cikinsa fari ne, ajiye masa abinsa. Ko ka kunna masa laita, alminiyam zai lanƙwashe ya marmashe, jan ƙarfe zai yi ja ne ya tsaya. Ɗaga naɗin ma ka ji, na gaske yana da nauyi. Ka kuma dubi yawan zaren ba kaurin roba ba, don akwai wayar da in ka fere ta sai ka ga duk riga ce ba mutum a ciki.

Wayar gida mai silli ɗaya ba ta shiga mota. Girgizar hanya za ta karya ta a cikin roba inda ba ka gani. Ta mota mai zare da yawa ce.

Rile kuwa, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke sa shi haɗa babba, ni na fi yarda da wanda aka ciro daga tsohuwar motar Tokunbo, irin su Denso ko Bosch na asali, a kan sabo fil mai sheƙi wanda ba a san uwarsa ba. Haka fiyus: akwai na jabu da an rubuta 10 amma ko 30 ta bi ta cikinsa ba ya yankewa, irin wannan gara babu, don babu ɗin aƙalla ka san babu.

Sauran kayan: ƙaramin akwatin fiyus mai gida shida da murfi, babban fiyus mai ɗaurin noti na 60 da gidansa, makunnai, kawunan waya masu zobe, filayar matse su, robar nan mai tsukewa in ta ji zafi (nemi mai gam a ciki, ita ce ke hana ruwa), bututun roba mai tsaga da ake zura waya a ciki, igiyoyin roba masu haƙori, giris, da mitar auna wuta. Testa mai ƙwai tana da amfaninta, amma mita ce ke gaya maka gaskiya. Fitilar da za ta zauna a waje ka nemi mai alamar IP67 ko IP68, alamar ruwa da ƙura ba sa shiga cikinta da sauƙi.

Cire batir

Kashe mota, zare makulli. Cire agogo da zoben azurfa. Wannan ba wasa ba ne, zobe in ya haɗa sifana da kan batir zai yi ja a yatsanka kafin ka iya zare shi.

Da sifana mai lamba 10 ka fara kwance kan baƙi, mai alamar ragi. Dalili: jikin mota gaba ɗaya haɗe yake da wannan kan, don haka in sifana ta goge ƙarfe kana kwance shi babu abin da zai faru. In da ja ka fara, sifanar ta taɓa jiki, walda ka yi. Wajen mayarwa ja ne farko, baƙi ƙarshe. Tura wayar gefe ka ɗaure ta kada ta dawo da kanta. Ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ka taɓa komai a ƙarƙashin dashbod, saboda na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci. In motarka mai batir biyu ce, auna tukuna, wasu tsofaffin Land Cruiser bolt 24 ne kamar manyan motoci, kayan 12 ba sa zama a kansu kai tsaye.

Babbar waya da akwatin fiyus

Kada kowane kaya ya zo da wayarsa kan batir har kan ya zama kamar gashin mahaukaciya. Waya ɗaya mai kauri za ta fito daga kan ja, ta shiga babban fiyus, ta wuce zuwa sabon akwatin fiyus, daga nan kowa ya ɗauki rabonsa ta nasa ƙaramin fiyus. Ga kayan Alhaji mai amfiya 47, waya mai 10 da fiyus 60.

Babban fiyus ɗin ya zauna dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, wajen santimita 18. Duk guntun wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai kare shi, shi ya sa ake gajarta shi a kuma sa masa bututu. Na sha ganin inda aka sa fiyus can kusa da fitila, mita uku daga batir. Wannan kamar ka sa maigadi a ƙofar ɗaki ne ka bar ƙofar gida a buɗe. Kada ka zura fiyus ɗin a gidansa yanzu, sa shi a aljihu sai an gama komai.

Akwatin kuma nemo masa wuri mai tsayi a cikin bonet, nesa da salansa da turbo, inda hannu ke kaiwa. A Legas tsayin nan ba ado ba ne. Wanda ya bi Lekki ko hanyar Badagry a watan Yuni ko Yuli ya san ruwa na iya kai wa ƙofa.

Rile

Makunnin dashbod ƙaramin abu ne, ba a yi shi don ɗaukar amfiya 10 ko 20 na tsawon dare ba. Rile shi ne ɗan aiken: ka taɓa makunni da 'yar wuta da ba ta kai rubu'in amfiya ba, shi kuma ya haɗa babbar wutar can cikin bonet. Ribar biyu ce, makunni ba ya narkewa, kuma wuta mai nauyi ba ta shigowa ɗakin direba sam.

Juya shi ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga akwatin fiyus. Ta 87 ita ke fita zuwa fitila. Ta 86 daga makunni take zuwa. Ta 85 at ce, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin mota. In mai ƙafa biyar ne za ka ga 87a a tsakiya, ita tana da wuta ne lokacin da rile ke kashe, ga wannan aikin rufe ta ka ƙyale. Wasu rile akwai diyod a cikinsu, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, su in ka juya 85 da 86 sun lalace, shi ya sa na saba wa hannuna 86 wuta, 85 at, ko da wane iri ne.

Ɗaure shi ƙafafu na kallon ƙasa. In ka kifa shi sama, gindin ya zama kofi, ruwa ya taru.

Daga ina makunni zai sami tasa wutar? Daga layin da ke mutuwa in an zare makulli, don kada yaron mota ya manta fitila a kunne ku wayi gari kuna neman masu turi. A akwatin fiyus na cikin mota nemo na laita ko na rediyo, ka tabbatar da mita cewa yana mutuwa da makulli, ka sa abin nan mai kama da fiyus da ke da jela, wanda ke ba ka sabon layi da nasa fiyus, 3 ko 5 ya isa. Fiyus na jakar iska, na birkin ABS da na ƙwaƙwalwar mota ba wurin aro ba ne. Duk wayar da ka ga kanta ko rigarta rawaya ce a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, ta jakar iska ce, ko testa kada ka soka mata. Sababbin motoci kuma akwai wayoyi biyu sirara da aka murɗe tare kamar igiya, saƙo suke ɗauka tsakanin na'urori, in ka fere su ka ɗora kaya motar na iya ƙin tashi, kuɗin birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, kuwa ya fi na duk fitilun da ka saya.

Ga doguwar fitilar sama ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. Fitilar daji ce. A titin Ikorodu ko Agege Motor Road makantar da na gabanka kawai take yi, ɗan acaba ko mai Marwa ya shigo maka. Na fi son a ɗauko wutar makunninta daga layin dogon haske, ta yadda sai makunni na kunne kuma an ɗaga dogon haske za ta kama, da ka sauke zuwa dim ta mutu tare. Sai dai a kula, yawancin tsofaffin Toyota ta ɓangaren at suke kunna fitilar gaba, wato wuta na zaune a ƙwan kullum, at ɗin ake haɗawa a raba. A irin wannan, 86 za ta je wayar da ke da wuta, 85 ta bi ta makunni zuwa wayar dogon haske. Auna kafin ka yanke. Jiniya da fitila mai walƙiya ja da shuɗi kuwa ba na mai zaman kansa ba ne, ni ba na ɗaura su, kada ka ja wa kanka magana da 'yan sanda ko jami'an FRSC.

Hanyar da waya za ta bi

Tsakanin injin da ɗakin direba akwai bangon ƙarfe, a jikinsa akwai robar da wayoyin kamfani suka bi ta ciki, sau da yawa da ɗan nono a gefe da aka bari don irin wannan. Huda nonon, shafa ɗan sabulu, zura wayarka. In dole sai ka huda ƙarfe, leƙa bayan wurin tukuna, ka goge bakin ramin, ka shafa fenti, ka sa zoben roba. Waya ba ta taɓa bakin ƙarfe tsirara. Ba ta bi ta ƙofa, ba ta bi ta ƙarƙashin kafet inda ƙafa ke taka ta, ba ta kusantar feda ko sandar sitiyari.

Mai zuwa baya ta bi saman shasi ta ciki, cikin bututu, a ɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya ko biyu. Kada ka ɗaure ta a bututun birki ko na mai, kuma ka nisanta ta da salansa. Inda za ta tsallaka daga kan mota zuwa akwatin baya bar mata ɗan sako-sako, domin a hanyar gona waɗannan biyun kowa murɗawarsa yake yi daban, waya mai tauri tsinkewa za ta yi. Inda kuma za ta shiga fitila ko akwati, bar ta ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau, ruwan da ya biyo ta ya ɗige a gwiwar maimakon ya shiga ciki.

At

Rabin motocin da ake kawo min da "fitila na rawa" at ne. Wutar da ta tafi dole ta dawo, don haka wayar at kaurinta ɗaya da mai wuta. Nemo noti mai kauri a jikin mota ko shasi, kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗora zobe, ɗaure tam, sannan ka shafe saman da giris. In ka bar shi haka, damina ɗaya tsatsa ta shiga tsakani.

Akwatin baya ba wurin at ba ne, haɗuwarsa da shasi ba abin dogaro ba ce. Kayan baya a ja musu tasu wayar at zuwa shasi ko a dawo da ita gaba. A sababbin motoci kuma za ka ga wata 'yar na'ura a manne da baƙin kan batir, ita ke auna abin da ke shiga da fita. In ka ɗaura at ɗinka kan batir kai tsaye ka tsallake ta, motar ba ta san da kayanka ba, cajinta ya rikice. Ɗaura a jikin mota.

Haɗin baki

Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da baƙin tef shi ne aikin da ya fi yawa a garin nan, shi ne kuma ya fi kawo min ciniki. Zafin bonet na narkar da gam ɗin tef, ya warware, damshi ya shiga, jan ƙarfe ya yi kore. Haɗin da ya yi kore yana ƙin wuta, mai ƙin wuta yana zafi.

Fere roba daidai tsawon gindin kan wayar, kada ka yanke zare ko ɗaya. Fara zura robar tsukewa, kowa ya taɓa mantawa da wannan. Sa zaren duka a ciki, matse da filayar da aka yi don haka, ba filayar gama-gari ba. Sannan ka ja da ƙarfi kamar kana son cire shi. In ya zame, yanke ka sake. Jawo robar ta rufe, ka gasa ta har gam ya ɗan leƙo a baki. Dalma tana riƙewa, amma tana sandarar da waya, inda sandarar ta ƙare nan girgiza ke karyawa, shi ya sa a motar daji na fi son matsi.

Gwaji

Duk ƙananan fiyus a waje. Mayar da batir, sa babban fiyus, auna akwatin: lafiyayyen batir da ya huta zai nuna wajen 12.6. Sa fiyus ɗaya, kunna makunninsa, ka saurari ƙas ɗin rile. In ya ƙone nan take, kada ka sa wanda ya fi shi, akwai inda waya ta taɓa jiki, nemo wurin. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tayar da mota. Mita a kan batir ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Kunna komai, har iyakwandishan, ka ɗan taka totur. In ta kasa haura 13, kayan sun fi ƙarfin altaneta. Bar su a kunne minti 15, sannan ka bi kowace waya da kowane haɗi da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi. Inda ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko wayar ta yi siriri ko matsin bai kama ba. Sa tsinken mita ɗaya a jan kan batir, ɗaya a bakin fitila tana kunne: abin da ya nuna shi ne asarar hanya, kada ya wuce 0.4. Daga ƙarshe kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi, jira 'yan mintuna, ka auna abin da motar ke ja tana barci. Sama da amfiya 0.05 akwai mai shan batir a ɓoye.

Masu babban ciki

Winci, wato injin jan mota in ta kafe, ba ya shiga akwatin nan. Mai ƙarfin jan kilo 4,300 yana iya cin amfiya 400 in ya ɗauki nauyi sosai. Wayoyinsa biyu, ja da baƙa, masu kaurin 25 ko 35, kai tsaye suke zuwa batir, kuma a sa babban makunnin yanke wuta dab da batir wanda zai zauna a kashe sai ranar buƙata. In babu shi, waya mai kaurin yatsa na zaune da wuta a bamba kullum, ranar da aka yi karo ita ce ashana. Ana jan winci injin na aiki, a ja kaɗan a huta.

Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, in mai wat 1,000 ce tana jan kusan amfiya 100 daga batir. Ramin laita fiyus ɗinsa 10 ne ko 15, wat 120 zuwa 180 ke nan, don haka ta nan sai cajin kwamfuta. Babba tana son waya mai 25, gajera, da fiyus 125 nata na kanta.

Firij da zai kwana a kunne kuwa batir na biyu yake so. In a matsakaici yana cin amfiya 2, awa 12 ya cinye 24 daga 75 ɗin da batir ke ajiyewa, kuma batirin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba, 'yan watanni zai mutu. Ana haɗa na biyun ta wani rile mai jin ƙarfin wuta, ya haɗa su in injin na caji, ya raba su in an kashe. Motar da altanetarta ke rage caji da kanta, ita sai caja ta musamman mai ɗaukar wuta daga batir zuwa batir. Wayar da ke tsakanin batir biyu fiyus biyu take so, ɗaya a kowane kai, don ta ko'ina wuta na iya fitowa.

Motar Alhaji yini guda ta ci. Na rubuta sunan kowane fiyus da girmansa a cikin murfin akwatin, na zuba masa guda biyu-biyu na kowane launi a leda na sa a aljihun dashbod, na kuma sa ya sauya tukunyar kashe gobararsa da ta daɗe da hucewa. Direbansa, wani yaro ɗan Haɗeja, yana tsaye yana kallo, sai ya ce, "Oga, in ya ƙone a daji ba sai in naɗa masa takardar sigari ba?"

Na ce masa ledar nan saboda shi na sa ta. Ja ya maye ja, shuɗi ya maye shuɗi. In sabon ya sake ƙonewa, ya bar gidan a wofi ya taho da fitilun kamfani, in ya iso Agege mu duba. Ranar da kuma suka keta ruwan da ya kai bamba, washegari ya buɗe murfin akwatin ya zare rile ɗaya-ɗaya, ya busar, ya duba ko ƙafafun sun fara kore, ya shafa ɗan giris kafin ya mayar.